AMURKA TA KUDU: DALILIN DA YA SA BARAZIL TA TSAYA ƘASA GUDA, MAƘWABTANTA SUKA RABU GIDA TARA

Duk wanda ya buɗe taswirar Amurka ta Kudu, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne yadda ƙasa guda, watau Barazil, ta cinye kusan rabin nahiyar. Faɗin nahiyar ya kai murabba'in kilomita miliyan 17 da dubu 800, daga ciki Barazil na da miliyan 8 da rabi. Haka kuma daga cikin mutane fiye da miliyan 430 da ke zaune a can, sama da miliyan 200 'yan Barazil ne, harshensu kuwa na Fotugal.

Ƙasashe 12 ne masu mulkin kansu a nahiyar. Tara daga cikinsu Sifaniyanci ne harshen gwamnatinsu: Benezuwela, Kolombiya, Ikwado, Peru, Bolibiya, Cile, Ajantina, Urugwai da Paragwai. Sai Gayana wadda ta sami mulkin kai daga Ingila a 1966, da Surinam wadda ta samu daga Holan a 1975. Akwai kuma wani yanki a arewa maso gabas wanda har yanzu yana hannun Faransa.

To, abin tambaya a nan shi ne, ƙasashen nan tara harshensu ɗaya, addinin yawancin mutanensu ɗaya, sun kuma yi shekara kusan 300 ƙarƙashin sarautar Sifen, me ya raba su, alhali kuwa Barazil da ta fi kowaccensu girma nesa ba kusa ba ta tsaya dunƙule?

SHIMFIƊAR ƘASA

Duwatsun Andes sun miƙe daga arewa zuwa kudu ta gefen yamma, tsawonsu kimanin kilomita 7,000, ƙololuwarsu kuwa, watau Aconcagua a Ajantina, ta kai mita 6,961. Gabas da duwatsun akwai ƙungurmin dajin Amazon da koginsa mai tsawon kimanin kilomita 6,400, wanda babu kogin da ya kai shi yawan ruwa a duniya. A arewacin Cile akwai hamadar Atacama, inda akan shekara da shekaru ba a ga ɗigon ruwan sama ba, a kudu kuma akwai filayen kiwo na Pampas.

Manyan garuruwan Sifaniyawa irin su Bogota da Quito da Potosi a kan tsaunuka suke, a da kuwa tafiya daga wannan zuwa wancan sai a shafe makonni bisa alfadari. Ko shakka babu wannan ya sa kowane gari ya saba da zaman kansa. Amma fa shimfiɗar ƙasa ita kaɗai ba ta isa hujja ba, gama Barazil ma ba ta tsira daga irin wannan wahala ba. Saboda yanayin iska da igiyar ruwa, jirgin da ya tashi daga arewacin Barazil ya fi saurin isa Lisbon bisa ga Rio de Janeiro, har ma a 1621 aka ware yankin Maranhao aka yi masa gwamnatinsa dabam.

LAYIN DA AKA JA A 1494

Shekara biyu bayan tafiyar Columbus ta farko, sarakunan Sifen da Fotugal suka ƙulla yarjejeniya a garin Tordesillas cikin watan Yuni na 1494. Aka ja layi a tsakiyar Tekun Atlantika, kimanin kilomita 2,000 yamma da tsibiran Kef Bad, aka ce duk ƙasar da aka tarar yamma da layin ta Sifen ce, ta gabas kuma ta Fotugal. A lokacin babu Baturen da ya taɓa sa ƙafa a nahiyar, mutanen ƙasa kuwa ba wanda ya nemi shawararsu. Da Pedro Alvares Cabral ya sauka gaɓar Barazil a watan Afrilu na 1500, sai aka ga ashe ta faɗa rabon Fotugal.

Sifaniyawa suka bi ta yamma. A 1532 Francisco Pizarro ya kama Atahualpa, sarkin daular Inka, a garin Cajamarca, ya karɓi fansa ta zinariya da azurfa, duk da haka ya sa aka kashe shi a 1533. A 1545 aka gano dutsen azurfa a Potosi, aka tilasta wa mutanen ƙasa aikin haƙa, ga kuma agana da ƙyanda da baƙin suka kawo, waɗanda suka hallaka jama'a ba adadi. Su kuwa mutanen Fotugal noman rake suka kama a gaɓar teku, daga baya 'yan farautar bayi da zinariya suka yi ta kutsawa yamma har suka wuce layin da nisa. Yarjejeniyar Madrid ta 1750 ta tabbatar musu da mafi yawan abin da suka mamaye.

MULKIN MALLAKA IRI BIYU

Sifen ta kafa Wakilin Sarki a Peru a 1542, daga baya ta ƙara wani a Bogota a 1717, da wani a Buenos Aires a 1776. A ƙarƙashinsu akwai manyan majalisun alƙalai waɗanda ke shari'a suna kuma riƙe da sha'anin mulki, a garuruwa irin su Quito da Charcas da Santiago da Caracas. Kowace majalisa da lardinta, da ma'aikatanta, da attajiranta. Mai karatu zai lura cewa kusan a kan iyakokin lardunan nan ne aka yanka Ikwado da Bolibiya da Cile da Benezuwela.

Har ila yau Sifen ta yarda aka buɗe jami'o'i tun da wuri, kamar ta San Marcos a Lima a 1551 da ta Cordoba a farkon ƙarni na 17. Saboda haka ɗan Lima a Lima ya yi karatu, ɗan Bogota a Bogota, kowa ya tashi da kishin garinsu. Fotugal kuwa ba ta buɗe jami'a ko guda a Barazil ba duk tsawon mulkinta. Wanda ke son zama alƙali ko babban ma'aikaci dole ya ƙetare teku zuwa Jami'ar Coimbra. Wannan rowa ta ilmi ta haifar da abin da ba a yi tsammani ba, domin 'ya'yan manya daga Bahia da Minas Gerais da Pernambuco sun zauna aji ɗaya, sun koyi doka ɗaya, sun san juna. Masanin tarihin nan na Barazil, Jose Murilo de Carvalho, ya nuna cewa waɗannan mutane su ne suka riƙe gwamnati bayan samun mulkin kai, ana yi musu canjin wurin aiki daga lardi zuwa lardi, har suka ɗauki ƙasar duka a matsayin gida guda.

NAPOLEON YA GIRGIZA GIDA BIYU

A ƙarshen 1807 sojojin Napoleon na Faransa suka shiga Fotugal. Yarima Joao da fadawansa dubbai suka hau jiragen ruwa bisa rakiyar sojan ruwan Ingila, suka isa Rio de Janeiro a watan Maris na 1808. Nan take Rio ta zama hedkwatar daula, aka kafa ma'aikatu da banki da maɗaba'a. Da sarkin ya koma Lisbon a 1821 ya bar ɗansa Pedro, shi kuma ranar 7 ga Satumba, 1822, ya yi shelar mulkin kai, aka naɗa shi sarkin Barazil. Ashe ke nan tuta ta sake, amma fada da ofisoshi da ma'aikata suna nan yadda suke.

A Sifen abin ya sha bamban. Napoleon ya tuɓe Sarki Ferdinand na Bakwai a 1808 ya ɗora ɗan'uwansa Joseph. Da aka rasa halattaccen sarki, sai kowane babban gari ya ce mulki ya dawo hannun jama'arsa. A cikin 1810 kaɗai aka kafa majalisun riƙon ƙwarya a Caracas da Buenos Aires da Bogota da Santiago, ba kuwa wadda ta yarda ta bi wata. Maɗaurin tsintsiya ya tsinke.

Yaƙin neman 'yanci ya ɗauki shekara goma sha biyar. Jose de San Martin ya ƙetare Andes da rundunarsa a 1817 ya 'yantar da Cile, ya shiga Lima a 1821. Simon Bolivar ya yi nasara a Boyaca a 1819 da Carabobo a 1821, sa'an nan Janar Sucre ya karya ƙarfin Sifen a Ayacucho ranar 9 ga Disamba, 1824. Bolivar ya so a yi babbar tarayya, ya haɗa Benezuwela da Kolombiya da Ikwado da Panama ƙasa guda, ya kuma kira taron ƙasashe a Panama a 1826. Amma janar-janar ɗin da suka yi yaƙi tare da shi kowa na son kujera a garinsu, baitulmali kuwa babu kome sai bashi. A 1830 Benezuwela da Ikwado suka ɓalle, shi kuma ya rasu ranar 17 ga Disamba na shekarar, kusa da Santa Marta, a kan hanyarsa ta barin ƙasar.

ABIN DA KOWANE GEFE YA BIYA

Kada a ɗauka Barazil ta sami haɗin kanta a ruwan sanyi. An yi tawaye a Pernambuco a 1824, da Para daga 1835 zuwa 1840, da Rio Grande do Sul daga 1835 zuwa 1845, duka kuwa gwamnatin tsakiya ta shawo kansu, galibi da ƙarfin soja. Akwai kuma wani dalili mai muni da ya haɗa kan masu dukiya, watau tsoron bayinsu. Fiye da 'yan Afirka miliyan 4 aka kai Barazil bauta, adadin da babu wata ƙasa da ta karɓi kamarsa. Masu gonaki sun ga abin da ya faru a Haiti, inda bayi suka yi juyi suka kafa ƙasarsu a 1804, sun kuma san in bango ya tsage ƙadangare zai sami wurin shiga.

A Bahia wannan tsoro yana da tushe, kuma Hausawa na cikin labarin. A 1807 hukuma ta gano shirin tawaye da bayi Hausawa suka ƙulla a birnin Salvador, a 1814 kuma suka tayar da wani a wuraren kamun kifi da ke kusa da birnin. A watan Janairu na 1835, cikin azumin Ramalana, Musulmi 'yan Afirka, yawancinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka fito titunan Salvador da fararen riguna da layu, aka murƙushe su cikin dare guda. Takardun Larabci da aka samu a jikinsu suna nan a ajiye a gidan adana tarihi na Bahia. Ba a soke bauta a Barazil ba sai ranar 13 ga Mayu, 1888, ita ce ta ƙarshe a duk nahiyoyin Amurka, a shekara mai bi mata kuma soja suka tuɓe Sarki Pedro na Biyu aka koma jamhuriya. Har yau jikokin bayin nan su ne suka fi yawa cikin matalautan ƙasar.

Rabuwar maƙwabta kuwa ta jawo rigimar iyaka. Daga 1864 zuwa 1870 Paragwai ta gwabza da Barazil da Ajantina da Urugwai, masana da yawa sun ƙiyasta ta rasa rabin mutanenta ko fiye. A yaƙin da aka soma a 1879 Cile ta ƙwace yankin ma'adinin da ake yin taki da albarushi da shi daga hannun Peru da Bolibiya, Bolibiya ta rasa gaɓar tekunta ɗungum. Har yanzu tana da sojan ruwa a tafkin Titicaca, tana kuma juyayin ranar teku kowace 23 ga Maris, ko da yake a 2018 Kotun Duniya ta yanke cewa ba dole ne Cile ta yi shawara da ita kan ba ta hanya ba. Yaƙin Chaco tsakanin Bolibiya da Paragwai, daga 1932 zuwa 1935, ya ci rayuka kimanin 100,000. Peru da Ikwado ba su daidaita iyakarsu ba sai 1998.

A 1991 Ajantina da Barazil da Paragwai da Urugwai suka sa hannu a birnin Asuncion kan kafa kasuwar tarayya mai suna Mercosur, watau dai ana neman a dawo ta hanyar ciniki da kaɗan daga abin da Bolivar ya nema da takobi. Tarihin nahiyar ya nuna cewa harshe ɗaya da addini ɗaya ba su isa su riƙe ƙasa ba, in babu cibiyar mulki da kowa ya amince da ita, da ma'aikata masu horo ɗaya waɗanda ke kallon ƙasa gaba da lardinsu. Ya kuma nuna cewa haɗin kan da aka gina bisa danne wani sashe na jama'a bashi ne, wanda Barazil ke ta biya shekara fiye da 130 bayan soke bauta.