Sabuwar Mota Ta Fi Ƙarfin Mai Albashi: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Shiga duk wata tashar sayar da motoci a Kano ko Kaduna ko Abuja ka nuna mota ka ce nawa. Kafin dillali ya buɗe baki, sau da yawa sai ya zaro waya ya duba nawa dala ta kwana, sannan ya ce, "Alhaji, yau kaza ne, amma ban yi maka alkawarin mako mai zuwa ba." Ba wasa yake yi ba, kuma ba lallai ne yana neman cutar ka ba. Motar da ke gabanka da dala aka saye ta, da dala aka yi mata jigila a jirgin ruwa, kuma idan ta tafi da dala zai sayo madadinta. Kai kuwa albashinka ko cinikinka da naira yake shigowa. Duk wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin maganar tsadar mota a Nijeriya.

A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma. A watan Yunin wannan shekarar Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kuma a cikin 2024 dala ta haura naira 1,500. Ɗauki motar da kuɗinta dala 20,000 ne, wato ƙaramar mota ta iyali ba ta alfarma ba. Da can naira miliyan 9 da 'yan kai ce. A kan 1,500 ta koma miliyan 30, alhali ko ƙusa ba a ƙara mata ba. Kuma wannan kuɗin motar ne tsurarta, ba a biya kwastam ba tukuna.

A wajen kwastam ɗin ma dala ta sake bugun mai saye karo na biyu, domin kuɗin fito ana lissafa shi ne a kan darajar motar da dala, a juya shi zuwa naira bisa farashin ranar. Dala ta hau, fito ya hau. A 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta fito da tsarin bunƙasa haɗa motoci a cikin gida, ta sa wa sababbin motocin da ake shigowa da su harajin kashi 35 cikin ɗari da ƙarin wani kashi 35, jimla 70. Dokar kuɗi ta 2020 ta sassauta wannan ƙarin, amma har yanzu akwai fiton kansa, da harajin kayayyaki na kashi 7.5, da kuɗin tashar jirgi, da na masu fito da kaya, da na tirelar da za ta ɗauko motar daga Legas zuwa Arewa. Kowane ɗaya a kan mai saye yake ƙarewa.

Yanzu a auna da aljihu. Mafi ƙarancin albashi tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara. Mai wannan albashi zai shekara sama da 35 bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, kafin ya tara miliyan 30. To a bar shi, a ɗauki ma'aikacin da ake ganin ya samu, mai karɓar 300,000 a wata. Shi ma wata 100 zai yi yana ajiye albashinsa cif, sama da shekara takwas ke nan. Amsar tambayar ko mai matsakaicin hali zai iya sayen sabuwar mota a yau a fili take: da tsabar kuɗinsa ba zai iya ba.

Abin da ke sa wannan ya yi ciwo shi ne, akwai waɗanda suke raye yanzu da suka ga lokacin da ba haka abin yake ba. A shekarun 1970 gwamnati ta haɗa gwiwa da kamfanonin waje aka kafa masana'antun haɗa motoci: Peugeot a Kaduna, wadda ta fara fitar da mota a 1975, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai haɗa Mercedes a Inugu, Steyr a Bauci, da ta manyan motocin Fiat a Kano. A tsakiyar shekarun nan ne aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin da ake kira Udoji. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi. Wanda ya gama jami'a ya kama aikin gwamnati yana iya neman rancen mota, a ba shi, ya je ya ɗauko Fijo 504 sabuwa dal, ana cire kuɗin kaɗan-kaɗan daga albashinsa. Ba kowa ne ya samu ba, manomi da ɗan tireda ba su ga wannan gatan ba. Amma malamin makarantar sakandare da jami'in gona sun gani. Da farashin ɗanyen mai ya faɗi, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 zamanin Janar Babangida, naira ta fara gangara, sai kayan haɗa motar da ake shigowa da su suka yi tsada, masana'antun suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ne kasuwar motocin hannu ta buɗe, 'yan Beljiyam da 'yan Kwatano, waɗanda mutanen Kudu ke kira tokumbo. Kusan shekara arba'in ke nan da sabuwar mota ta bar hannun mai albashi.

Sai dai kada a ɗora komai a kan naira. Motar kanta ta yi tsada a can inda ake ƙera ta. A Amurka, matsakaicin kuɗin da ake sayen sabuwar mota bai kai dala 40,000 ba a 2019, amma a watan Satumbar 2025 ya haura 50,000 a karon farko. Motar yau cike take da na'urori: kyamarar baya, birki mai kama kansa, jakunkunan iska a kowane gefe, allon taɓawa, da kayan rage hayaƙi waɗanda dokokin Turai da Amurka suka wajabta. A 2021 da 2022, bayan annobar korona, an yi ƙarancin ƙananan ƙwaƙwalen lantarki da ake sa wa motoci, sai kamfanoni suka zuba 'yan waɗanda suka samu a cikin manyan motoci masu riba. Da suka ɗanɗana, ba su dawo ba. Honda ta daina sayar da Fit a Amurka bayan 2020, Chevrolet ta rufe Spark a 2022, Ford ta daina ƙera Fiesta a 2023. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ƙaramar motar da Ba'amurke bai saya sabuwa yau ba, ita ce tokumbon da ba za ta iso Legas ba nan da shekara takwas.

To idan har a Amurka ma mota ta yi tsada haka, yaya Amurkawa suke sayenta? Da bashi. Mafi yawansu ba sa ajiye kuɗin mota gaba ɗaya. Suna ba da kafin alƙalami, sauran su biya cikin shekara biyar ko shida da kuɗin ruwa mai sauƙi. A ganina wannan shi ne babban abin da muka rasa, ya ma fi batun haraji. A watan Nuwambar 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5, don haka bankunan kasuwanci suka riƙa ba da rance a kusan kashi 30. Ka ranci miliyan 20 a kan haka na shekara huɗu, za ka riƙa biyan kusan naira 720,000 duk wata, kuma a ƙarshe ka biya sama da miliyan 34. Ma'aikaci nawa ne ke karɓar 720,000, balle ya ba da ita duka ga mota? Ga kuma batun riba, wanda ya sa da yawa daga cikin mutanenmu ba sa ko kusantar irin wannan rance. Bankuna marasa kuɗin ruwa kamar Jaiz da TAJ da Lotus suna da hanyar murabaha, inda banki zai sayi motar ya sayar maka da ribar da aka amince tun farko, ka biya a hankali. Wannan ya kawar da damuwar addini, amma bai kawar da tsada ba, domin su ma suna lissafa yadda naira ke zubewa kafin su yanka ribarsu.

A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ba da lamuni ga masu saye, CREDICORP, kuma an sanar da asusun naira biliyan 20 don sayen motocin da aka haɗa a gida. Niyyar mai kyau ce. Amma a raba biliyan 20 da miliyan 30, bai kai mota 700 ba, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200.

Akan ce mafita ita ce mu ƙera tamu. Akwai masu ƙoƙari: Innoson a Nnewi ta jihar Anambra, da kamfanin Dangote Peugeot a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja wanda ya fara aiki a 2022, da wasu a Legas. Sai dai yawancin abin da ake yi haɗawa ce. Injin da giya da kayan lantarki daga waje suke zuwa, da dala. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da aka fara ginawa tun 1979 har yau bai kammalu ba, wutar lantarki kuma sai da janareta. Sannan mota ba ta yin araha sai an ƙera ta da yawa. Afirka ta Kudu tana sayar da sababbin motoci sama da 500,000 a shekara, Nijeriya kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. 'Yan waɗanda ake sayarwar ma yawanci gwamnati ce da bankuna da manyan kamfanoni ke ɗauka. Kuma abin takaici, a 2023 'yan Majalisar Tarayya sun zaɓi a sayo musu manyan jif-jif na waje, kowace sama da naira miliyan 100, maimakon su ba masu haɗawa a gida wannan cinikin. Motocin Sin irin su Changan da GAC da Chery sun ɗan sauko da farashi idan aka kwatanta da Toyota, kuma ingancinsu ya wuce yadda mutane ke zato a da. Amma su ma miliyoyi goma-goma ne, kuma mai hankali zai fara tambaya ko akwai kayan gyaransu a garinsu da makaniken da ya san cikinsu.

A maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar kuwa, sefa tana ɗaure da yuro, don haka ba su ga irin tsallen da naira ta yi ba. Nasu ciwon hanya ce: da aka rufe iyaka da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan da ke biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, tafiya mai tsawo da tsada.

A nan Nijeriya dai, tsadar sabuwar mota ta sa mai matsakaicin hali ya koma ga ta hannu, ita ma ta bi dala ta hau. Wanda a da yake neman 'yar Beljiyam yanzu yana neman wadda aka hau a nan gida, wanda yake neman wannan kuma ya koma babur. A nan ne ya kamata a buɗe ido sosai. Da yawa daga cikin tokumbon Amurka daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye su, aka gyara aka fesa fenti. Kada ka je sayen mota ba tare da makanikenka ba, naka na kanka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka kalli yadda gwani ke yi: zai shafa bodin da tafin hannu yana neman inda aka cike da foti, ya ɗaga kafet ɗin ƙasa ya duba laka ko tsatsa, ya shinshina ko akwai warin danshi, ya zaro sandar baƙin mai ya ga launinsa, ya tada injin da sanyinsa ya saurara, ya sa na'ura ta karanto masa abin da ƙwaƙwalwar motar ta ɓoye. Idan dillali ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ta taɓa buguwa ba, ba a taɓa sauke injin ba," ka karɓi lambar jikin motar mai haruffa da lambobi 17 ka bincika tarihinta a intanet. Takardun kwastam kuma a tantance su a ofishin kwastam kafin kuɗi ya fita daga hannunka. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, kuma motar da aka yi fasa-ƙwaurinta da takardun bogi ana iya ƙwace ta a hanya, arhar ta zama asara gaba ɗaya.

Sayen ma ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Tankin lita 50 da ake cikawa da ƙasa da naira 10,000 ya koma 50,000. Taya da batir da baƙin mai da kayan gyara duk 'yan waje ne, duk sun bi dala. Shi ya sa za ka ga motoci a ƙofar gidaje an lulluɓe su da tamfol, masu su suna hawa A Daidaita Sahu zuwa aiki, sai ranar Juma'a ko biki su fito da su. Kafin ka sayi mota, zauna da biro ka rubuta man wata, da juyen baƙin mai, da sabunta takardu da inshora, da wani abu da za ka ware don ranar da giya za ta ƙi shiga. Injin mai silinda huɗu ya fi mai shida sauƙin ciyarwa, kuma motar da kayanta ke ko'ina a kasuwa, irin su Corolla da Civic da Golf, ta fi wadda za a jira kayanta daga Legas. Masu tunanin juya motarsu ta koma amfani da iskar gas ta CNG, wadda gwamnati ke tallatawa tun 2023, lallai ta fi fetur araha, amma gidajen sayar da ita ba su yawaita a Arewa ba tukuna, don haka a fara tabbatar da akwai inda za a riƙa sha a kusa, kuma a kai aikin wurin da hukuma ta amince da shi, kada a bari mai walda ya ɗaura tukunyar gas ɗin girki a but.