Makin Jarrabawar Shiga Jami'a: Me Yake Nunawa Game da Basira da Makomar Ɗalibin Likitanci?

Jarrabawar shiga jami'a awo ce da ake yi wa ɗalibi cikin 'yan sa'o'i domin a yi kirdadon yadda karatunsa zai kasance a shekarun da ke gaba. A Amurka, inda aka fi zurfafa bincike a kan wannan batu, manyan jarrabawoyin biyu ne: SAT, wadda makinta ya kama daga 400 zuwa 1600, da ACT, wadda makinta ya kama daga 1 zuwa 36. Mai burin zama likita kuwa yana da wata ta uku da ke jiransa a gaba, wato MCAT, wadda ake rubutawa dab da kammala digirin farko ko bayansa. Tambayoyi biyu ne suka daɗe suna bin waɗannan jarrabawoyi. Shin makin yana nuna kaifin basirar mutum? Shin kuma yana iya nuna wanda zai kai gaci a doguwar hanyar zama likita?

Asalin jarrabawar

SAT ta samo tushe ne daga gwajin basira. A shekarar 1904 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Ingila, Charles Spearman, ya lura cewa yaron da ya yi fice a darasi ɗaya galibi yakan yi ƙoƙari a sauran darussan ma. Daga nan ya yi hasashen cewa akwai wata baiwa ta bai-ɗaya da ke ƙarƙashin kowane irin aikin ƙwaƙwalwa, ya yi mata laƙabi da harafin “g”. Shekara guda bayan haka, a Faransa, Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da gwajin da zai taimaka wajen gano yaran da ke bukatar kulawa ta musamman a makaranta.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, rundunar sojanta ta yi wa sababbin sojoji sama da miliyan ɗaya da rabi irin wannan gwaji a rubuce. Carl Brigham na Jami'ar Princeton yana cikin waɗanda suka yi aikin, kuma shi ne ya sake wa gwajin fasali ya zama SAT, wadda ɗalibai kimanin 8,000 suka fara rubutawa a watan Yunin 1926. Akwai tabo a tarihin Brigham. A 1923 ya wallafa littafi yana kafa hujja da makin sojoji cewa wasu jinsunan mutane sun fi wasu basira. A 1930 ya fito fili ya janye wannan magana, ya amince cewa gwajin bai dace da kwatanta al'ummomin da harshensu da tarbiyyarsu suka bambanta ba.

ACT ta zo ne a 1959 ta hannun Everett Lindquist na Jami'ar Iowa, wanda ya fi son a auna abin da ɗalibi ya koya a aji. Ita ma SAT a hankali ta karkata zuwa can. Tun cikin shekarun 1990 masu shirya ta suka cire kalmar da ke nufin baiwa daga sunanta, suna bayyana ta a matsayin ma'aunin shirin ɗalibi na shiga jami'a.

Alaƙar maki da basira

Masu bincike suna auna ƙarfin dangantakar abubuwa biyu da wani adadi da ke tsakanin 0 da 1. Idan adadin 0 ne, sanin abu na farko ba ya ƙara wa mutum komai game da na biyu. Idan 1 ne, duk wanda ya san na farko ya san na biyu daidai wa daida. A harkar ɗan Adam, 0.3 dangantaka ce matsakaiciya, 0.5 kuwa mai ƙarfi ce.

A 2004 Meredith Frey da Douglas Detterman na Jami'ar Case Western Reserve suka kwatanta makin SAT na matasa sama da 900 da sakamakon da suka samu a gwajin basira, suka tarar da dangantakar ta kai 0.82. Wani bincike na 2008 ya samu 0.77 game da ACT. Waɗannan alƙaluma manya ne, domin sun yi kusa da irin dangantakar da ake samu tsakanin gwaje-gwajen basira su ya su. Ke nan canjin suna bai raba jarrabawar da asalinta ba.

Sai dai abin da ake aunawa basira ce da aka riga aka sarrafa. Yaro ɗan shekara 17 da ya zauna a ɗakin jarrabawa ya zo da baiwarsa, ya kuma zo da malaman da suka koyar da shi, da littattafan da ya tarar a gida, da abincin da ya ci yana ƙarami, da harshen da ya tashi da shi. Takardar jarrabawa ba ta iya tsefe waɗannan ta ware kowanne gefe guda. Binciken da Raj Chetty na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka yi, wanda aka bayyana a 2023, ya nuna cewa 'ya'yan gidajen da suka fi kowa arziki, wato kashi 1 cikin 100 na sama, sun ninka 'ya'yan talakawa sau 13 wajen yiwuwar samun maki 1300 ko fiye a SAT. Darasin share fage na 'yan makonni ba shi ne babban dalilin wannan rata ba, don nazarce-nazarce sun nuna abin da yake ƙarawa a matsakaici bai taka kara ya karya ba. Ratar ta taru ne a hankali, shekara bisa shekara, tun daga ƙuruciya.

Maki da nasara a jami'a

Hukumar College Board, mai shirya SAT, ta fitar da wani nazari a 2008 a kan ɗalibai kimanin 150,000 a manyan makarantu 110. Dangantakar makin SAT da sakamakon shekarar farko a jami'a ta tsaya a 0.35, ta sakamakon sakandare kuwa 0.36. Bayan gyaran lissafi, alƙaluman suka koma 0.53 da 0.54, kuma da aka haɗa ma'aunan biyu wuri guda sai suka ba da 0.62.

Dalilin gyaran yana da sauƙin ganewa. Jami'a ba ta ganin sakamakon waɗanda ba ta ɗauka ba, sai na zaɓaɓɓu masu maki kusa da juna. Manomin da ya je duba amfanin taki, amma ya zagaya gonakin da duk aka zuba musu taki isasshe, zai dawo yana cewa taki ba ya raba gona da gona, alhali bai leƙa gonar da ba ta samu ko kaɗan ba. Haka makin jarrabawa yake yin kamar ba shi da tasiri a cikin ajin da kowa gwani ne.

Ko bayan gyaran, 0.53 na nufin makin yana bayyana abin da bai wuce kashi ɗaya bisa huɗu da 'yan kai ba na bambancin da ke tsakanin ɗalibai. Ragowar yana wajen naci, da lafiya, da halin aljihu, da abokan zama, da ingancin koyarwa. Saboda haka makin yana da amfani sosai wajen hasashen abin da zai faru da ɗalibai dubu, amma yana yawan kuskure a kan mutum ɗaya.

Wannan fuska biyu ita ta sa jami'o'in Amurka suke kai-komo. Kwalejin Bowdoin ta daina tilasta jarrabawar tun 1969. A 2020 hukumar gudanarwar Jami'ar Kalifoniya ta yanke shawarar yin watsi da ita, duk da cewa kwamitin malamanta ya ba da rahoton makin yana taimakawa wajen hasashen nasarar ɗalibi. Annobar korona ta sa makarantu da dama suka bi sahu. Daga baya cibiyar MIT ta dawo da ita a 2022, Dartmouth da Brown da Harvard suka biyo baya a 2024. Hujjarsu ita ce makin yana taimaka musu su gano haziƙin yaro daga makarantar da ba ta da suna, wanda ba shi da wata hanyar nuna kansa.

Tankaɗen share fagen likitanci

A Amurka galibi ba a shiga makarantar likitanci kai tsaye daga sakandare. Tun bayan rahoton Abraham Flexner na 1910, wanda ya tona asirin raunin makarantun likitanci na wancan zamani, aka ɗora tsarin a kan cewa sai ɗalibi ya fara samun tushen kimiyya a jami'a. A yau yakan yi digirin farko na shekara huɗu a fannin da ya ga dama, da sharaɗin ya ci darussan ilimin halittu, da kimiyyar sinadarai, da fiziks. Wannan zango shi ake kira share fagen likitanci, kuma darasin sinadaran da ke ɗauke da kabon ya yi ƙaurin suna wajen karya gwiwar ɗalibai.

Wani bincike da Charlene Zhang da Nathan Kuncel da Paul Sackett suka wallafa a 2020 ya bi sawun ɗalibai fiye da 15,000 a makarantu 102. Cikin waɗanda suka shigo da niyyar likitanci, kashi 16.5 cikin 100 ne kaɗai suka kammala digiri da cikakkun darussan da ake bukata. An fi zubewa a farkon tafiya, kuma masu shiri mai ƙarfi da kyakkyawan sakamako sun fi daɗewa a kan hanya. Amma ba duk wanda ya bari ne ya gaza ba, domin da yawa sun sauya ra'ayi ne bayan sun ɗanɗana wasu fannoni.

MCAT da abin da ke bayanta

MCAT ta faro ne a 1928, lokacin da yawan ɗaliban da ke barin makarantun likitanci ba tare da kammalawa ba ya dami hukumomi. Tsarinta na yanzu, wanda aka soma a 2015, yana da sassa huɗu: sinadarai da fiziks, ilimin halittu, halayyar ɗan Adam da zamantakewa, sai kuma fahimtar rubutu da tsettsefe hujja. Zaman jarrabawar yakan ci kimanin sa'a bakwai da rabi. Makin yana tsakanin 472 da 528, kuma matsakaicin makin waɗanda ake ɗauka yana wajen 511 zuwa 512.

Wani nazari na 2007 da Tyrone Donnon da abokan aikinsa suka yi, inda suka tattara sakamakon bincike da dama a kan tsohon tsarin MCAT, ya nuna dangantakarta da matakin farko na jarrabawar lasisin likita ta kai 0.60, da sakamakon shekarun karatun aji kuwa 0.39. A nan wata ƙa'ida ta fito sarari: jarrabawa ta fi iya hasashen wata jarrabawa mai kama da ita. Idan aka koma bakin gadon majinyaci, inda ake bukatar sauraro, da haƙuri, da riƙon amana, da aiki tare da ma'aikatan jinya, hasken makin yakan dushe. Kamar fitilar hannu yake, tana haska gaban ƙafa sosai, nesa kuwa sai dishi-dishi.

Bincike biyu daga Turai sun ƙara fayyace lamarin. A Ingila, Chris McManus da abokan aikinsa sun bi rayuwar aikin likitocin da suka shiga makarantar likitanci ta Westminster tsakanin 1975 da 1982. Sakamakon da suka wallafa a 2003 ya nuna cewa makin kammala sakandare ya fi gwajin basira zalla hasashen ci gabansu, domin makin makaranta ya ƙunshi ilimi da himma baya ga baiwa. A Beljiyam kuma, Filip Lievens da abokan aikinsa sun bi ɗaliban likitanci tsawon shekara bakwai na karatunsu, suka ga tasirin hali, musamman tsare aiki da cika alkawari, yana ƙaruwa yayin da ɗalibi ke matsawa daga aji zuwa asibiti. Irin wannan fahimta ce ta sa Jami'ar McMaster ta Kanada ta ɓullo da ganawar baka mai tashoshi da yawa a farkon shekarun 2000, inda mai neman gurbi yake zagaya ɗakuna yana fuskantar matsaloli iri-iri a gaban alƙalai daban-daban. Makarantu da yawa a duniya sun ɗauki wannan salo.

Inda batun ya shafi Najeriya

A Najeriya nauyin ya fi taruwa a kan zama ɗaya. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana shirya jarrabawa mai maki 400 a darussa huɗu, kuma mai neman likitanci yana rubuta Turanci, da ilimin halittu, da sinadarai, da fiziks. Da yake ɗalibi yana shiga karatun shekara shida ne kai tsaye daga sakandare, kuma gurabe kaɗan ne, maki ƙalilan na iya raba wanda ya samu da wanda ya rasa. Alƙaluman Amurka ba za su hau kan JAMB kai tsaye ba, don jarrabawoyin da makarantun sun bambanta. Ƙa'idojin dai suna nan: yaron da ya fara taɓa kwamfuta a ranar jarrabawa, ko ya fito daga makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, makinsa ya haɗa labarin ƙwaƙwalwarsa da na makarantarsa.

Yadda ya kamata a karanta maki

Abin da bincike ya tsayar ya kasu gida uku. Makin jarrabawar shiga jami'a yana da dangantaka mai ƙarfi da basira, amma basirar da gida da makaranta suka riga suka yi wa aiki. Yana hasashen nasarar karatu, musamman a shekarun farko, kuma hasashen ya fi inganci idan aka haɗa shi da sakamakon aji na shekaru. Ƙarfinsa yana raguwa yayin da aka doshi aikin likita na zahiri, inda hali yake ƙara nauyi.

Makarantar da ta yi watsi da maki gaba ɗaya ta zubar da shaida mai amfani, kuma tana iya buɗe ƙofar son kai da alfarma. Wadda ta dogara da shi kaɗai kuma za ta rasa ɗaliban da ƙwazonsu bai samu inda zai bayyana ba tukuna. Hanyar da ta fi dacewa da shaidar da ke hannu ita ce a ɗauki makin a matsayin sharaɗin nuna cewa ɗalibi zai iya ɗaukar nauyin karatun, a karanta shi tare da sanin makarantar da ya fito, sannan a auna hali da iya mu'amala da ma'aunan da aka tanada domin su. Majinyacin da zai kwanta a gaban likitan nan gaba yana bukatar duka biyun: ilimin da zai gano cutarsa, da halin da zai tsaya a kansa har ya samu sauƙi.