Yaron da Farfaɗiya Ta Kama Tun Yana Goye

Yau maganarmu a kan yaron da farfaɗiya ta kama tun yana goye ne, wanda kuma tafiya da magana suka yi masa nawa.

Kun dai san taune-taunen da zazzaɓi ke kawo wa yara. Jiki ya yi zafi, yaro ya sandare, ya yi ta fizge-fizge, jim kaɗan ya sake. Yawancinsu su kan rabu da abin kafin su cika shekara 6, ba ya bar musu wata illa. Amma akwai wani iri dabam. Shi ya kan fara ne yaro yana wajen wata 6, da ma lafiyarsa lau. Bugun ya kan daɗe, yau ya kama ɓarin dama, wata rana ɓarin hagu. Tun yana zuwa da zazzaɓi har ya riƙa zuwa haka kawai. In an shiga shekara ta biyu sai ku ga sa'o'insa sun fara wuce shi, baki bai buɗe sosai ba, in ya tashi tafiya sai tangaɗi.

Wata likita ce a ƙasar Faransa, Charlotte Dravet, ta fara bayyana wannan ciwo a 1978, har yau da sunanta ake kiransa. A 2001 aka gano asalinsa. Cikin ƙwayoyin halittar da yaro ya kan ɗauko daga uwa da uba, ɗaya ce ta sami tangarɗa, watau wadda ke daidaita aikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. To, ku saurara da kyau, musamman ku maza. Galibi ba a samun tangarɗar nan a jikin uwa ko na uba, a jikin yaron ta fara tun yana ciki. Saboda haka wanda ya ce nonon matarsa ne, ko danginta, ya zalunce ta. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa ta yawu. Ku bar shi ya ci akushi ɗaya da 'yan'uwansa.

Babban abokin gāban yaron nan zafi ne. Kada a yi masa wanka da ruwa mai zafi, kada a goya shi a tafi gona da tsakar rana, balle a bazara. Ya kwana cikin gidan sauro kullum. Da jiki ya ɗumama a rage masa tufafi, a ba shi farasitamol, a kawo shi ɗakin magani ran nan, ba gobe ba. Allurar rigakafi kuwa kada ku bari, sai dai ku gaya wa malamin asibiti halinsa tukun.

In abin ya tashi, ku kwantar da shi a ƙasa ta gefe ɗaya, nesa da murhu. Kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa kome, kada a turara masa hayaƙi. Wani ya duba agogo. In ya kai minti 5 bai sake ba, ku ɗauke shi sai asibiti. Bakin rijiya da kududdufi ba wurinsa ba ne, ko da ya yi wayo.

Magani ba ya raba shi da ciwon, amma ya kan rage bugu ƙwarai, muddin ba a tsallake rana ba. Kada ku saya a kasuwa, kada ku ara wurin maƙwabci, don akwai maganin farfaɗiya mai kyau, kamar kabamazefin, wanda wannan ciwo ya kan ƙaru da shi.

Maganar koyo, sai haƙuri. Ku riƙa yi masa magana kuna kallon fuskarsa, kalma ɗaya ɗaya, ku nuna masa ƙwarya ku ce ƙwarya. Abin da wansa ya koya a mako, shi watakila sai ya yi wata uku. Duka ba ya ƙara masa sauri. Kai maigida, ka riƙa karɓar uwar nan tsaron dare, ita ma jiki gare ta.

Ku sami ɗan littafi, wanda ya iya boko ko ajami ya riƙa rubuta ranar kowane bugu, da daɗewarsa, da ko akwai zazzaɓi. Duk ran da za ku zo ɗakin magani ku zo da shi, da shi likita zai san ko a ƙara magani ko a sake wani.