Kafin Ka Sayi Kwamfuresa Na Hannu: Fara Da Duba Tanki

Tun da muka saki bidiyon feshin fenti, tambayar da ta fi yawa ita ce: kwamfuresa na hannu zai yi, ko dole sai sabo? Zai yi mana. A nan Ingila, idan ka leƙa Facebook Marketplace ko Gumtree za ka gan su birjik, 'yan Amurka kuma ga Craigslist. Sai dai mafi yawanmu girman tanki da ƙarfin doki muke kallo, alhali su ne abubuwan da suka fi ruɗin mai saye.

Mu fara da abin da zai iya kai mutum asibiti. Iska tana ɗauke da laima, idan aka matse ta sai laimar ta koma ruwa, ya kwanta a gindin tanki. Shi ya sa kowane tanki yake da ƙaramin bawul a ƙasa na zubar da ruwa. Idan mai shi malalaci ne bai damu da buɗewa ba, tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki, waje kuwa fenti na ta sheƙi. Lissafa ka gani: matsin ba 8 kusan kilo 8 ne a kan kowane murabba'in santimita. Murfin tanki mai faɗin santimita 30 yana ɗauke da turin da ya haura tan biyar da rabi. Ranar da ƙarfen ya gaza, ba kullum yake yoyo a hankali ba, wani lokaci tsagewa yake yi gaba ɗaya.

To, da ka isa wurin mai sayarwa, durƙusa ka buɗe bawul ɗin. Ɗan ruwa ruwan ƙasa ba abin tashin hankali ba ne. Amma idan ya yi ta zuba da ɓarɓashin tsatsa, ko bawul ɗin ya ƙi juyawa sam, ka san an yi shekaru ba a taɓa shi ba. Shafa ƙasan tankin da hannu, ka duba inda aka haɗa ƙafafu. Fenti ya kumbura? Akwai sabon fenti a wuri ɗaya kawai? Tambayi dalili. Idan kuwa ka ga alamar an yi wa tankin walda don toshe huda, yi masa sallama, ko kyauta ya ba ka kar ka ɗauka. Huda ɗaya na nufin duk kewayenta ya sirance. Mota da fistin da bel duk ana canza su, tanki ba a yi masa faci. Ka kuma karanta ɗan allon ƙarfen da ke jikinsa, can za ka ga shekarar ƙira da iyakar matsin da aka yarje masa.

Sai maganar iska. Kayan aiki ba girman tanki suke ci ba, yawan iskar da famfo ke turowa a minti suke ci, wadda ake aunawa da CFM ko lita a minti. CFM ɗaya kusan lita 28 ne. Galibin kayan aiki a PSI 90 suke aiki, wato ba 6 da ɗoriya. Bindigar ƙusa da hura taya ba su da ci, ƙaramin inji ma ya ishe su. Bindigar kwance noti tana son kamar CFM 4 zuwa 5. Feshin fenti da injin goge katako su ne haɗamammu, suna iya neman 10 ko fiye, kuma ba sa hutawa. Babban tanki kan ƙaramin famfo zai ba ka minti ɗaya ko biyu na jin daɗi, sannan ka tsaya jira.

Ga wayon kamfanoni: lambar da suke bugawa da manyan haruffa yawanci iskar da fistin ke shaƙa ce, ba wadda ke fita ta tiyo ba. Ta gaskiyar, da ake kira FAD, kusan kashi biyu cikin uku take. Tsohon inji kuma ko hakan ba lallai ya kai ba. Abin daɗi, da agogon wayarka za ka gane. Zubar da iskar duka, kunna, ka ƙirga lokacin da zai ɗauka ya cika ya kashe kansa. Ninka litar tanki da matsin, ka raba da mintuna. Tanki mai lita 50 da ya kai ba 8 cikin minti biyu da rabi: 400 a raba da 2.5, lita 160 a minti ke nan, CFM 5 da rabi. Idan ya ɗauki minti shida, zoben fistin ko bawulolin kan famfo sun gaji, sai ka rage farashi ko ka wuce. Ka roƙi mai shi kar ya kunna kafin ka zo, don a sanyi ne inji ke faɗin gaskiya.

Yana kashe kansa ka ji ɗan "fish" na daƙiƙa guda, wannan daidai ne. Wanda ba daidai ba shi ne iska ta ci gaba da tsiyaya, ko allurar geji ta wuce iyaka bai tsaya ba. Ja zoben bawul ɗin kariya ka ga ya saki iska ya koma ya rufe. Leƙa mai: idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga.

Ni dai a na hannu na fi son mai bel da bakin mai, don famfonsa a hankali yake juyawa, yana daɗewa. Marasa mai masu araha suna da ƙarar tsiya, kuma idan katanga ɗaya ta raba ka da maƙwabci irin gidajen nan, za ka sha kallo.

Wuta kuma: fulogin Ingila amfiya 13 ne, doki uku shi ne iyakarsa, kuma kar ka ja doguwar waya, gara ka ƙara tsawon tiyo. Masu niyyar aika wa ɗan'uwa mai faci a Kano ko Kumasi daga Amurka, ku lura: injinku na bolt 120 ne da hez 60, can kuwa 230 ne da 50. Ko an sa taransifoma, motar za ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, ta riƙa zafi.