Ba Kowane Ƙurji Ne "Sanyi" Ba: Yadda Za Ki Gane Ciwon Hapis

Uwargida, duk matsalar da ta shafi matanci mun saba mu kira ta "sanyi", a aika yaro kemis ya sayo kafso, ko a jiƙa saiwa a sha. To akwai wani ciwo da kafso ba ya yi masa komai, shi ne wanda likitoci ke kira hapis. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi, kuma iri biyu ce: HSV-1 wadda ta fi fitowa a leɓe, da HSV-2 wadda ta fi kama al'aura. Kowaccensu tana iya sauka a kowane ɗaya daga wuraren biyu.

Ciwon ba baƙo ba ne. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da HSV-1, sannan miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49 suna da HSV-2, wadda ta fi kama mata. Mafi yawansu ba su ma san suna da ita ba.

Na baki

Shi ne ƙurajen nan da kan feso a gefen leɓe bayan mashasshara, mu ce zazzaɓi ne ya fita. Kafin su ɓullo, wurin yakan yi ƙaiƙayi ko raɗaɗi na kamar kwana ɗaya. Sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su taru wuri guda, su fashe, su yi ɓawo, su warke cikin kamar kwana goma. Yawanci tun ana yara ake ɗauka, ta sumba ko yawu.

Na al'aura

Alamun sukan bayyana kwana 2 zuwa 12 bayan an ɗauka ta saduwa. Ƙuraje masu ruwa ne a al'aura, ko ɗuwawu, ko cinya, su fashe su bar gyambo mai zafi, har mace ta riƙa jin tsoron fitsari. Karon farko yakan zo da zazzaɓi, ciwon jiki da kaluluwa a matsematsi, ya ɗauki mako biyu zuwa huɗu. Bambancinsa da ƙaiƙayin da ke zuwa da farin ruwa mai kauri shi ne wancan ba ya kawo ƙuraje masu ruwa. Gyambon tunjere kuwa yawanci guda ɗaya ne, ba ya zafi. Amma tabbaci sai likita ya duba, musamman tun gyambon yana ɗanye.

Bayan an warke, ƙwayar takan kwanta a jijiya. Haila, zazzaɓi, damuwa ko zafin rana na iya tayar da ita, sai dai dawowar ba ta kai karon farko tsanani. Ba a samo maganin da ke raba mutum da ita ba tukuna, amma asaikilobir da danginsa suna rage zafi da tsawon kwanakin, in an fara sha da wuri.

Kafin ki zargi maigida

Ƙwayar kan yi shekaru a jiki ba ta motsa ba. Don haka fitowarta yau ba hujja ce ta cin amana ba, a kansa ko a kanki. Zato zunubi. Abin yi shi ne ku je asibiti tare, a dakata da kwanciyar aure daga jin ƙaiƙayin farko har gyambo ya warke sarai. Ana iya ɗauka ko babu ƙurji, shi ya sa in gidan da abokiyar zama, ita ma tana da haƙƙin a duba lafiyarta.

Mai ciki da jariri

Nan ne babban haɗarin. Hapis na iya taɓa ƙwaƙwalwar jariri, har ya yi ajalinsa. In kin taɓa ganin irin ƙurajen nan, ki faɗa wurin awo, kada kunya ta hana ki. Likita kan ba da magani daga mako na 36, in kuma akwai gyambo lokacin naƙuda, ya ba da shawarar tiyata. Ranar barka da suna kuwa, mai ƙurji a leɓe kada ta sumbaci jariri, ko da kakarsa ce. In jinjiri ya yi zazzaɓi, ko ƙuraje masu ruwa, ko ya ƙi kama nono, a garzaya asibiti a ranar.

Allah Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya, amin.