Sita-Delta: Dabarar Tayar da Babban Moto

Moton lantarki mai layi uku, irin wanda ke juya injin niƙa, injin casar shinkafa da manyan famfunan ruwa, yakan zuƙi wutar da ta ninka wadda yake ci a bakin aiki sau 6 zuwa 8 a daƙiƙun farko na tashinsa. A Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, inda wutar KEDCO kan iso a raunane, masu injuna da yawa kuma suka koma ga janareta, wannan zuƙa ce ke sa fitilun unguwa su dushe, fis ya ƙone, ko janareta ya shaƙe ya mutu. Don rage ta ake ɗora wa moto sita-delta, musamman idan ya kai kilowat 7.5 zuwa sama.

A cikin moto akwai naɗin waya uku, kowanne da baki biyu. Shi ya sa idan aka buɗe akwatin haɗinsa ake tarar da ƙusoshi shida: U1, V1, W1 da U2, V2, W2. In aka ɗaure bakuna uku wuri guda, aka ba sauran ukun wuta, an yi haɗin sita. Kowane naɗi yana samun kashi 58 cikin 100 na ƙarfin layi, wato bolt 415 ya sauko kusan 240, wutar da moton ke ja kuma ta koma kashi ɗaya bisa uku. In kuwa aka haɗa wutsiyar kowane naɗi da kan na gaba, delta ke nan, kowanne ya sha 415 cif.

Cikin fanel kontakta uku ne, da taima, da obalod mai kare moto daga jan wuta fiye da kima. Da an danna koren maɓalli, babbar kontakta da ta sita suke kamawa. Moto ya ɗauki gudu, taima ta saki sita, delta ta shiga da ƙarar "ƙas". Dole a kulle kontaktar sita da ta delta ta yadda ba za su taɓa kamawa tare ba, domin haɗuwarsu gobara ce.

Sai dai sauƙin ba kyauta ba ne. Yadda wuta ta ragu zuwa sulusi, haka ƙarfin juyawa. Mai niƙan da ya cika mazurari da masara kafin ya kunna, motonsa zai yi ta gurnani a sita bai kai gudu ba. Delta na shiga sai ya fizgi wutar da ake gudu tun farko. A tayar da inji babu kaya, ya koma delta, sannan a zuba hatsi. Taima ma ba a saita ta da ka: sai an saurari moto ya kusa cika gudunsa, yawanci cikin daƙiƙa 5 zuwa 10.

Allon jikin moto shi ne alƙali. Moton da aka rubuta wa bolt 400/690 ya dace da sita-delta. Mai 230/400 kuwa, haɗin sita ne iyakarsa a wutar Najeriya, aka jefa shi delta sai masu naɗin koyil. Obalod da ke kan wayoyin naɗi ana saita shi a kashi 58 na amfiyar da ke allon, ba dukanta ba.

Akwai sababbin na'urori masu tayar da moto sannu a hankali, har da masu sauya masa gudu, amma suna da tsada, gyaransu kuma sai a birni. Ga mai inji a karkara, sita-delta ya fi araha, kayansa na samuwa a Funtua da Kano. Abin da ba ya yi shi ne gane ɗaukewar layi ɗaya da wuri, don haka a ƙara masa na'urar da ke yanke wuta idan hakan ta faru.