Takardar jarumi ta koma cikin waya

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan Dungeons & Dragons. Wasa ne na zama a teburi: mutum huɗu ko biyar kowa ya ɗauki jarumi guda, wani mayaƙi, wani matsafi, wani ɓarawo mai saurin hannu, sai jagoran wasa ya riƙa zayyano musu duniyar da suka shiga. Kamar tatsuniya ce wadda masu sauraro ke da ta cewa a cikinta. Idan jarumi ya yi yunƙurin haura katanga ko kai sara, sai a jefa ɗan lido mai fuska 20, abin da ya fito shi zai raba gardama.

Kowane jarumi yana da takardarsa, kuma a nan aikin yake. A cikinta ake rubuta siffofinsa shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, ilimi, basira da kwarjini, sannan makamansa, kuɗinsa, sihirin da ya iya da sauran ran da ya rage masa. Shekara da shekaru da fensir ake cika ta, a goge a sake rubutawa, har gurbin rai ya huje saboda yawan gugar magogi.

Abin da ke wahalar da sabon shiga shi ne lambobin a sarƙe suke. A dokokin bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, mayaƙi mai ƙarfi 16 yana samun ƙarin maki 3, ga maki 2 na ƙwarewa, don haka duk saran takobinsa sai a ƙara 5 a kan abin da ɗan lido ya nuna. Ya kai mataki na huɗu ya ɗaga ƙarfinsa zuwa 18, ƙarin ya zama 4. Ya shiga mataki na biyar, ƙwarewa ta koma 3, saran ya zama 7. Wannan canji bai tsaya a takobi ba: ya taɓa ɓarnar da saran ke yi, da iyo, da hawa, da nauyin kayan da zai iya ɗauka. Mai takarda sai ya bi gurabun ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya wani bai kuɓuce masa ba.

Nan manhajoji suka samu shiga. A D&D Beyond, wanda kamfanin Curse ya buɗe a 2017, da zarar an sauya 16 zuwa 18 duk sauran lambobin za su gyara kansu. A taɓa sunan sihiri, bayaninsa ya fito, ba sai an tsayar da wasa ana buɗe littafi ba. Roll20, tun 2012, ya haɗa takardar da taswira da jifan ɗan lido a wuri guda, ta yadda wanda ke Landan zai yi wasa da wanda ke Toronto. Foundry, da ya fito a 2020, sau ɗaya ake sayensa, jagora ya ɗora shi a kwamfutarsa. Masu wasan Pathfinder kuwa, wani wasan teburi irin wannan, da yawa Pathbuilder suke riƙe da ita a waya. Girman kasuwar ya fito fili a 2022, lokacin da Hasbro, uwar kamfanin Wizards of the Coast mai Dungeons & Dragons, ta sayi D&D Beyond a kan dala miliyan 146.3.

Sai dai sauƙin yana da farashinsa. Asusun kyauta na D&D Beyond jarumai shida kawai yake ɗauka, da dokoki na asali; sauran littattafai sai an saye su a shafin, ko da mutum yana da na takarda da ya saya a kanti. Abin da ke rage nauyin shi ne jagora mai biyan babban kuɗin wata yana iya raba littattafansa da 'yan teburinsa. Akwai kuma ɗan wasan da manhaja ta yi wa komai har bai san daga ina 7 ɗin ta fito ba, ranar da caji ya ƙare sai ya yi zuru. Ga waya a hannu, saƙo na shigowa, hankali ya bar labarin.

Babbar matsalar ita ce takardar tana hannun kamfani. Manhajar gina jarumi ta bugu na huɗu, da ke cikin shafin D&D Insider, daga baya an rufe ta. A 2024 ma D&D Beyond ya sanar cewa zai musanya sihirce-sihircen 2014 da sababbi a takardun mutane, sai da 'yan wasa suka yi ca kafin kamfanin ya janye.

Shi ya sa duk mai son shiga wannan wasa zai fi amfana idan ya cika takardarsa ta farko da hannu, ya gane yadda kowace lamba ke haifar da 'yar'uwarta, sannan ya koma manhaja. Bayan haka, duk lokacin da jaruminsa ya hau sabon mataki, ya sauke takardar a PDF ya adana, ko ya buga ta ya ajiye a jaka.